Yadda ake girka manhajar ajiya a kaset a kan sabar da ma'aikata ke shiga daga nesa

Akwai ofisoshi a nan Tawa da suka daina saya wa kowane ma'aikaci babbar kwamfuta. Saba guda, wato kwamfuta mai ƙarfi, ake ajiyewa a ɗaki, kowa ya shiga cikinta daga teburinsa, akanta ya buɗe manhajar lissafi, sakatariya ta buga wasiƙu, mai kula da sito ya cika takardunsa, duk a lokaci guda. Ita ce masu aikin ke kira terminal server. Microsoft ta sauya wa tsarin suna zuwa Remote Desktop Services tun daga Windows Server 2008 R2, a Windows na Faransanci kuma Bureau à distance za ka gani. Sauƙinta a fili yake, haɗarinta ma haka: aikin mutum ashirin ko talatin yana cikin akwati guda. Ran da diskinta ya mutu, ko ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa ta shige ta ta hannun ma'aikaci ɗaya, ofis gaba ɗaya ne ya tsaya. Maganin wannan shi ne a riƙa kwafe bayanan sabar a kaset ana ajiyewa, aikin da manhajar ajiya ke yi ke nan.

Wani zai ce ai zamanin kaset ya wuce, a tura komai intanet. A yi lissafi tukuna. Layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa sai ya haura kwana 9 kafin ya kwashe terabait 1, idan ma bai yanke ba. Na'urar kaset irin LTO-8 tana rubuta megabait 300 a daƙiƙa (megabait 1 daidai yake da megabit 8), ke nan terabait ɗin nan bai kai mata awa guda ba idan saba ta iya ba ta bayanai da wannan saurin. Kuma kaset ɗin da aka zare aka kulle a akwatin ƙarfe ba shi da wata waya da ɓarawon intanet zai biyo ya same shi. Wannan shi ne babban dalilina na tsayawa a kan kaset.

Abin da za ka tanada

Na'urar kaset ta LTO ita ce ta cika kasuwa. HP da IBM da Seagate ne suka haɗu suka fito da tsarin, zubin farko ya fito a 2000 yana cin gigabait 100. LTO-6 na cin terabait 2.5, LTO-7 na cin 6, LTO-8 na cin 12, LTO-9 kuma 18. A jikin kwali za ka ga wata lamba mafi girma, misali 30 a kan LTO-8. Wannan lissafin matse bayanai ne, kada ka dogara da shi, domin hotuna da bidiyo da takardun PDF da aka ɗauka da sikana ba sa ƙara matsuwa.

Kafin ka ba da kuɗi, ka san wane kaset na'urar ke karantawa. Har zuwa LTO-7, na'ura na karanta zubi biyu na baya, tana rubutu a kan ɗaya. A LTO-8 da LTO-9 abin ya ragu zuwa zubi ɗaya kawai. Wanda ke da tulin kaset na LTO-6 a kabad, ya je ya sayo LTO-8, ba zai karanta ko guda ba.

Sai katin haɗi. Yawancin na'urorin nan da nau'in haɗin da ake kira SAS suke aiki, kuma abin da suke so shi ne kati na HBA, mai haɗa na'ura da saba kai tsaye, ba katin RAID da diskokin saba ke kai ba. Ka dubi bakin katin da bakin na'urar kafin ka yi odar waya, domin akwai SFF-8088 akwai SFF-8644, kuma ba sa shiga juna. Mu da ke Tawa, waya ɗaya da ba ta dace ba tana nufin jiran saƙo daga Yamai, fiye da kilomita 500, wani lokaci ma daga waje. Don haka a oda guda ka haɗa da kaset ɗin wanki, wato na share kan na'ura, da kaset na aiki aƙalla 21. Zan faɗi dalilin wannan adadin a gaba.

Manhaja kuma dole ka nemo ta daban. NTBackup da ke cikin Windows Server 2003 yana rubutu a kaset, amma Windows Server Backup da ya gaje shi daga 2008 ba ya yi. Akwai Backup Exec, akwai Veeam Backup & Replication, akwai Arcserve Backup, akwai Iperius Backup mai sauƙi ga ƙaramin ofis, akwai kuma Bacula da Bareos ga mai hannu a Linux. Ko wacce ka zaɓa, buɗe jerin na'urorin da kamfanin ya ce tana aiki da su, ka ga sunan taka da idonka.

Ra'ayina a nan, idan ofis na da wata kwamfuta ta biyu mai ɗan ƙarfi, a can ya fi kyau a ɗaura na'urar kaset, a sa ƙaramin wakilin manhajar kawai, wato ɓangarenta mai tura bayanai, a kan sabar ma'aikata. Wurin da kowa ke shiga bai kamata ya riƙe makullin ajiya ba. Haka kuma idan sabar taka tana gudana ne a cikin Hyper-V, wato saba ce da aka ƙirƙira da manhaja a cikin wani inji, ba za ta ga na'urar SAS kai tsaye ba, sai an ɗaura na'urar a kan inji na zahiri. Amma na san ofis da yawa saba ɗaya gare su, kuma a kanta bayanin nan ya ginu.

Haɗa na'ura

Kashe saba, zare wayar wuta, sa katin, ɗaura wayar SAS. Kunna na'urar kaset tukuna, ka jira fitilunta su lafa, sannan ka kunna saba. Su biyun duka su sha wuta daga ondiler, batirin nan mai riƙe wuta. An sha ganin saba a kan ondiler, na'urar kaset kuwa a soke ta kai tsaye a bango. Kuran na ɗaukewa da dare sai aikin ya katse a tsakiya, wani lokaci kaset ya maƙale a ciki.

Kada ka ajiye ta a ƙasa, kada ka ajiye ta kusa da taga ko bakin ƙofa. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar kan da ke rubutu, domin fankar na'urar tana zuƙo iska ta bi da ita ta ciki.

Da Windows ya tashi, buɗe Gestionnaire de périphériques, inda yake jera na'urorin da ke haɗe da saba. Na'urar ta fito a ƙarƙashin Lecteurs de bande da sunanta. Idan alamar rawaya ka gani, direbanta ne babu. A nan ka karanta takardar manhajar da ka zaɓa: wata tana son direban kamfanin da ya ƙera na'urar, wata tana zuwa da nata. Kafin ka ci gaba, gwada na'urar da kayan gwajin kamfaninta, Library and Tape Tools ga ta HPE, ITDT ga ta IBM. Sa kaset, a rubuta a karanta. Idan matsala ta ɓullo daga baya, ka riga ka san ba daga na'ura ba ce. Mai sabon kaset na LTO-9 kada ya tsorata idan ya ga na'ura ta daɗe tana juya shi a karon farko, daidaita shi take yi, kuma yana iya kai awa biyu.

Fitar da mutane, sannan ka girka

Nan ne sabar shiga daga nesa ta bambanta da sauran kwamfutoci, kuma nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Zaɓi lokacin da ofis ya watse, yammacin Juma'a bayan masallaci ya fi dacewa, domin kana da Asabar da Lahadi idan wani abu ya karkace. Zauna a gaban sabar kanta idan da hali. Idan daga nesa ne, shiga da wannan:

mstsc /admin

Buɗe Invite de commandes, wato tagar buga umarni, da ikon mai gudanarwa, ka duba waɗanda ke ciki:

query user

Za ka ga sunaye da lambar zaman kowa. Wasu na aiki, wasu an rubuta musu Disc ko Déco, ma'ana sun rufe tagar sun tafi gida ba tare da sun fita ba, kuma fayilolinsu na nan a buɗe. Tura wa kowa saƙo:

msg * Salamu alaikum. Don Allah kowa ya adana aikinsa ya fita kafin ƙarfe 3, za a yi gyara a saba. Mun gode.

Wanda ya bar zamansa a buɗe, kira shi a waya. «Hajiya, akwai takardar da ba ki adana ba? Zan rufe zamanki.» Minti ɗaya ne, amma ya fi ka goge mata aikin yini. Bayan nan ka fitar da shi da logoff da lambar zamansa. Sai ka rufe ƙofa:

change logon /disable

Hattara da wannan umarnin. Idan daga nesa kake, ka ba da shi, sannan ka fita kafin ka sake buɗewa, kai ma ka kulle kanka a waje, sai ka taka zuwa gaban sabar. Yanzu sai babban matakin:

change user /install

Abin da yake yi shi ne sanar da Windows cewa manhajar da za a girka ta injin ce gaba ɗaya, ba ta mutumin da ke zaune ba. Windows zai riƙe saitunan da aka rubuta a rajista a wuri na musamman, don kowane zama ya same su daidai. Fayilolin girkawa na MSI sukan shiga wannan yanayin da kansu, amma ba na barin abin ga sa'a, buga layi ɗaya ba ya cin komai. Kana iya tabbatarwa da change user /query.

Kafin ka danna fayil ɗin girkawa, ƙirƙiri asusu na musamman da manhajar za ta riƙa aiki da shi. Kada ka ba ta asusunka, domin ran da ka sauya kalmar sirri ko ka bar aikin, ajiya za ta tsaya shiru ba wanda ya sani. Sa shi a rukunin da manhajar ta nema, galibi Administrateurs ko Opérateurs de sauvegarde, ka ba shi doguwar kalmar sirri, sannan a secpol.msc ka hana shi shiga ta Bureau à distance. Aikinsa a bayan fage yake.

Girka manhajar. Wasu, irin Backup Exec, suna zuwa da ƙaramin SQL Server Express, wato manhajar rumbun bayanai, don riƙe kundinsu. Idan akwai wani SQL Server na manhajar lissafi a kan sabar, bar kowanne da nasa, kada ka cusa su wuri guda. Kundin da ke riƙe da jerin abin da ke cikin kowane kaset yana girma da sauri, ka ba shi diski mai fili, ba C: ba. Da an gama:

change user /execute

Sake kunna saba, sa sabuntawar manhajar, sannan change logon /enable don tabbatarwa.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. Manhajar takan ajiye gunkinta a C:\Users\Public\Desktop, kuma duk abin da ke nan kowa na ganinsa a allonsa. Cire shi, ka cire na menu ɗin Démarrer, ka takaita izinin dosiyen manhajar ga masu gudanarwa. Ka kuma gaya wa manhajar kashe ƙwayoyin cuta ta ƙyale wannan dosiyen da kundin, in ba haka ba za ta riƙa jan aikin baya.

Me za a kwafa

Windows na da hanyar ɗaukar hoton diski ko da fayiloli na buɗe, sunanta VSS, kuma manhajar ajiya a kanta take dogara. Duba lafiyarta:

vssadmin list writers

Kowane layi ya nuna Stable, babu kuskure. Idan wani ya nuna matsala, gyara shi kafin ka tsara komai.

Amma hoton VSS abin da ke kan diski yake ɗauka, ba abin da ke kan allon ma'aikaci ba. Takardar da aka bari a buɗe ba a adana ba, ba ta shiga kaset. Maganin wannan yana cikin gpedit.msc, a sashen Remote Desktop Session Host, inda ake sa iyakar lokacin zama. Sa a rufe duk zaman da aka yanke bayan awa biyu ko uku. Sai dai ka sanar da ma'aikata tun kafin ka kunna shi, a taro ko a rubuce, har da shugaban ofis, domin wanda ya saba barin takarda a buɗe kwana uku zai rasa ta a daren farko.

Abin da zai shiga kaset: dosiyen C:\Users, inda teburin kowa da takardunsa suke, dosiyoyin haɗaka na ofis, yanayin tsarin Windows, wanda manhajojin ke kira System State, da C:\Windows\System32\LServer idan wannan sabar ce ke raba lasisin shiga daga nesa. Idan ofis na amfani da User Profile Disks ko FSLogix, bayanan kowane ma'aikaci suna cikin fayil guda na VHDX wanda ke kulle muddin yana ciki. Wannan ma wani dalili ne na fitar da kowa kafin dare.

Rumbun bayanan manhajar lissafi, irin su Sage a kan SQL Server, shi ne ya fi komai daraja a ofis, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa idan aka kwafe shi kamar sauran fayiloli. Ko dai ka sayi wakilin SQL na manhajar ajiyarka, ko ka tsara SQL Server ya fitar da kwafin rumbun, wato fayil ɗin .bak, da kansa awa guda kafin aikin kaset ya fara, kaset ya ɗauki wannan.

Abin da za a bari: pagefile.sys, da AppData\Local\Temp na kowa, da tarkacen da burauza ke tarawa, da fayilolin .ost na Outlook tunda kwafi ne na abin da ke sabar wasiƙu. Fayilolin .pst kuwa a ɗauke su, sau da yawa babu kwafinsu a ko'ina.

A cikin bayanan ma'aikata akwai dubban ƙananan fayiloli, kuma saba ba ta iya miƙa su da saurin da na'urar ke so. Sai ta riƙa tsayawa, ta koma baya, ta sake tashi, kana jin ƙararta tana kai da kawowa. Wannan na cinye kaset da kan na'ura. Idan manhajarka ta yarda, a fara kwafa zuwa wani diski, daga can a zuba a kaset a dunƙule. Haka ma idan ta waya bayanan ke zuwa, domin layin gigabit 1 bai wuce megabait 110 da ɗoriya a daƙiƙa ba.

Jadawali da juya kaset

Kaset 4 na Litinin zuwa Alhamis, masu ɗaukar abin da ya sauya kawai, ana sake rubutu a kansu kowane mako. Kaset 5 na Juma'a, cikakken kwafi, kowanne ya yi wata guda kafin a taɓa shi. Kaset 12 na ƙarshen wata, kowanne ya shekara. Ga 21 ɗin nan. A cikin manhajar ka ƙirƙiri rukuni uku, ka sa wa kowanne tsawon lokacin da ba za a rubuta a kansa ba. Idan bayanan ofis duka na shiga kaset ɗaya kuma suna ƙarewa kafin asuba, yi cikakken kwafi kullum, ka huta da neman kaset uku ko huɗu ranar maidowa.

Sa aikin ya fara da misalin ƙarfe 10 na dare, ka tabbata bai haɗu da lokacin da Windows ke sabunta kansa ya sake kunnawa ba. Kunna tantancewa, wato na'ura ta sake karanta abin da ta rubuta. Kunna saƙon imel zuwa ga mutum biyu, ko an yi nasara ko ba a yi ba, domin ranar da saƙo bai zo ba ita ma labari ce.

Sai ɓoye bayanai. Tun daga LTO-4 na'urar kanta na iya rufe abin da take rubutawa da AES-256, ba tare da ta rage gudu ba. Kaset na ɗauke da albashin mutane da lambobinsu da takardunsu, kuma zai riƙa fita daga ofis. Amana ce, kuma a Nijar akwai hukumar HAPDP da ke sa ido kan kare bayanan mutane. Kunna shi. Amma ka rubuta makullin a takarda, kwafi biyu, a ambulan da aka liƙe, ɗaya wurin shugaban ofis, ɗaya a wani gini. Makullin da ke cikin saba kaɗai zai ƙone tare da ita, kuma ba wani kamfani a duniya da zai buɗe maka kaset ɗin.

Hannun da ke sauya kaset

Ba kai ne za ka kasance a ofis kullum ba. Zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa da mataimakinsa, ka nuna musu a aikace: danna maɓalli, jira kaset ya fito da kansa, mayar da shi cikin kwalinsa, sa na yau, rubuta a littafi. Lakabi a gurbin da aka tanada kawai ake manna shi, ba a ɗora wani a kan wani, domin yana iya ɓallewa a cikin na'ura. Kaset ɗin ƙarshen wata a tura ɗan makullin ja da ke gefensa don hana rubutu.

Na Juma'a da na wata su kwana a wani gini, ba a ɗakin saba ba. Gobara ko ruwan damina da ya shiga ɗakin ba zai zaɓi saba ya bar kabad ba. A ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, a wuri mai sanyi, tsakanin digiri 16 da 25 idan ajiyar mai tsawo ce. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Tawa ke haura 40, kada a bar kaset a cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur ko na awa ɗaya. Wanda ya sha zafin hanya kuma a bar shi ya kwana a ɗakin saba kafin a sa shi a na'ura. Kaset ɗin wanki sai na'ura ta nema, da fitilar Clean ko harafin C, ba don an ga dama ba. Yana yin kusan wanki 50, a riƙa yin alama a jikinsa.

Gwajin maidowa

Washegarin aikin farko, kada ka tsaya a koren alamar da manhaja ta nuna. Je wurin akanta ka ce, «Malam, faɗa mini fayil ɗaya da ka yi aiki a kai jiya.» Maido da shi daga kaset zuwa wani dosiye na daban, kada ya hau kan na asali, ka kira shi ya buɗe da hannunsa ya ga lambobinsa. Yi haka da bayanan ma'aikaci guda gaba ɗaya, sannan ka ɗora fayil ɗin .bak a rumbun gwaji, a buɗe shi da manhajar lissafi a ga rubutun ƙarshe.

Maimaita wannan kowane wata, kuma kowane karo da kaset daban, har da tsofaffin da ke ɗaya ginin. Sau ɗaya a shekara kuma ka yi gwajin mai wuya: sami wata kwamfuta, ɗaura mata na'urar, girka manhajar daga farko, sa ta karanta kaset ta sake gina kundinta, shigar da makullin daga ambulan, ka maido da komai kana duba agogo. Awowin da ya ci ka rubuta su ka kai wa shugaban ofis, tare da takarda mai shafi ɗaya da ke nuna inda fayil ɗin girkawa da lambar lasisi da direbobi suke, a sa kwafinta a akwatin da kaset ɗin wata ke kwana.